Waɗanda ke gaba a hanyar Fako

Duk wanda ya sauka Buea, a kudu maso yammacin Kamaru, da niyyar hawan Dutsen Kamaru, sai an haɗa shi da ɗan jagora da 'yan dako, galibinsu 'yan ƙabilar Bakweri da ke zaune a gindinsa. Dutse ne mai aman wuta, tsayinsa ya haura mita 4,000, gindinsa kuwa ya gangara har bakin tekun Atlantika. Ana ratsa kurmi mai danshi, a fito filin ciyawa, a kwana a bukka ta biyu, kashegari a bi baƙin dutse har ƙololuwar da ake kira Fako. In hazo ya yi sassauci, ana hango tsibirin Bioko a tsakiyar ruwa.

Littattafan da muka gada daga Turawa suna fara labarin dutsen ne da Richard Burton, jakadan Ingila a wancan tsibiri, da Gustav Mann, Bajamushe masanin tsirrai, waɗanda suka hau tsakanin 1861 da 1862. Sai Mary Kingsley a 1895, wadda ta isa sama hazo ya hana ta ganin komai. Mun san abin da suka ci da irin sanyin da suka sha. Mafarautan Bakweri da masu ɗibar zuma, waɗanda suka san inda maɓuɓɓuga take a dutsen da ruwa ke wuya a samansa, sai a gefen labari muke tsintar su.

Da a takarda kaɗai aka ture su gefe, da da sauƙi. Tokar da dutsen ke amayarwa ta sa ƙasar gindinsa ta yi albarka, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Jamusawa kuma suka ƙyalla ido. A 1891 suka tura Karl von Gravenreuth ya ci Buea. Mutanen Sarki Kuva Likenye suka tare shi a bakin wani kwari, suka kashe shi, rundunarsa ta watse. Shekara uku bayan haka aka dawo da ƙarfin da ya fi wancan, garin ya faɗi a 1894. Gwamna Jesko von Puttkamer ya mayar da Buea babban birnin mulki a 1901 saboda sanyinta, ya gina fadar da har yau take tsaye. Filayen noma kuwa aka yanka wa kamfanonin Jamus don koko da sauran amfanin sayarwa, aka tattara masu ƙasar a 'yan keɓaɓɓun wurare.

A nan labarin ya taɓo mu. Bayan yaƙin duniya na farko yankin ya koma hannun Ingila, ana mulkinsa tare da Najeriya har 1960. Ingilishi ba su mayar wa Bakweri gonakin ba. Gwanjonsu suka yi a Landan a 1924, akasari tsofaffin masu su Jamusawa suka sake saya. Bayan yaƙi na biyu gwamnatin mulkin mallaka ta Legas ta karɓe su, ta ba hukumar CDC haya, ta fara aiki a 1947. Bakweri suka kafa kwamitin neman ƙasarsu a 1946, suka kai kuka har Majalisar Ɗinkin Duniya. Gonakin ba su dawo ba.

Dutsen dai bai taɓa barin hannunsu ba, domin babu wanda ke shuka ayaba a kan ƙonannen dutse. Tun 1973 ake tseren hawa da sauka daga Buea duk shekara, kuma abin da baƙo ke yi cikin kwana biyu zuwa uku, zakarun tseren kan gama shi cikin awa huɗu da 'yan kai. Sarah Etonge, 'yar Buea, ta lashe ɓangaren mata sau bakwai, har ake ce mata sarauniyar dutse. Rikicin yankin masu magana da Ingilishi, wanda ya ɓarke a 2016, ya rage baƙi ƙwarai, 'yan jagora kuma su ne suka fara ji a aljihunsu.

Da zarar an fita daga kurmi, ɗan jagora kan tsaya don baƙi su huta su ɗauki hoto. Koren shimfiɗar da ake gani ƙasa, layi-layi zuwa wajen Tiko da Limbe, gonakin ayaba ne da roba da kwakwar manja, yawancinsu na CDC. Gonar shayi ta Tole, da ke dab da Buea, gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a 2002, duk da Bakweri sun ce ƙasar kakanninsu ce.