Daga Dutsen Martinik Zuwa Katangar Makarantarmu: Tarihin Wasan Parkur

A cikin ɗarin bara, lokacin hutun ƙarfe goma, wani ɗalibina na aji shida ya hau katangar makarantarmu ya diro. Ya faɗi a kan hannunsa na hagu, ƙashi ya karye kusa da wuyan hannu. Da muka dawo daga likita na tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya ce: "Mushe, parkur nake yi." A salular yayansa ya gani. Ni kuwa ban taɓa jin kalmar ba, kuma da mahaifinsa ya zo ransa a ɓace, ba ni da abin faɗa masa sai ban haƙuri. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan wasa, domin abin da malami bai sani ba, ba ya iya hana shi, ba ya kuma iya gyara shi.

Parkur horon jiki ne. Mutum ya tashi daga wani wuri ya isa wani ta hanya mafi sauri da sauƙi, yana ƙetare duk abin da ya tare masa gaba, ko katanga, ko rami, ko shinge, ko matakala, da jikinsa kaɗai. Babu ƙwallo, babu igiya, babu wani kayan aiki. Gudu ne da tsalle da hawa da dira da mirgina. Mai yin sa ana ce masa "traceur" da Faransanci, wato mai shata hanya. A Faransa aka haife shi, amma tushensa ya girmi salula da intanet nesa ba kusa ba.

Labarin ya faro ne daga wani bala'i. Ranar 8 ga Mayu, 1902, dutse mai aman wuta da ake kira Pelée ya fashe a tsibirin Martinik, ya shafe garin Saint-Pierre, mutane kusan dubu 28 suka hallaka. Cikin waɗanda suka yi aikin ceto akwai wani matashin hafsan sojan ruwa na Faransa mai suna Georges Hébert, wanda aka haifa a 1875. Ya taimaka aka tsirar da mutane wajen 700. Abin da ya gani a ranar ya zauna masa a rai: a lokacin tashin hankali, wanda ya iya gudu da hawa da iyo da ɗaukar wani a kafaɗa shi ke tsira, shi ke kuma tsirar da wasu.

Hébert ya yi yawon duniya a jirgin ruwa, ya kuma yaba ƙarfin jikin mutanen da ya gani a Afirka, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba. Da idon Bature na zamanin mulkin mallaka ya kalle su, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya lura da shi ba ƙarya ba ne, domin wanda ya tashi yana noma da jan guga da hawan icce, rayuwa ce ta horar da shi. Da ya koma gida sai ya tsara abin da ya kira hanyar horo ta ɗabi'a, mai rukuni goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita jiki a kan abu siriri, jifa, ɗaga kaya, kare kai, da iyo. Takensa shi ne mutum ya nemi ƙarfi domin ya amfani jama'a. Sojojin Faransa sun ɗauki tsarinsa, kuma daga nan aka sami filin shingayen da ake horar da kurata, wanda suke kira "parcours du combattant". Duk wanda ya yi aikin soja a ƙasarmu ya san shi. Daga wannan kalma ta "parcours", wato hanyar da ake bi, sunan parkur ya fito.

Mutum na biyu a labarin shi ne Raymond Belle, wanda aka haifa a 1939 a Biyetnam, tana ƙarƙashin Faransa. Yaƙi ya raba shi da iyayensa, ya tashi a gidan marayu na soja a garin Da Lat. A can yakan fita da dare shi kaɗai yana bin filin shingaye yana hawan itatuwa, don kada ya zama abin zalunta. Bayan Faransa ta sha kashi a 1954 aka kai shi can, yana da shekara 19 ya shiga rundunar masu kashe gobara ta birnin Paris, inda ya yi suna wajen ceton mutane daga wurare masu wuyar hawa. Shi ma dai ba don burgewa yake hawa ba, don ceton rai ne.

Ɗansa David Belle, haifaffen 1973, shi ya gaji wannan horo ya fitar da shi titi. A shekarun 1980, a garuruwan Lisses da Évry da ke kudu da Paris, shi da ƴan'uwansa da abokansa suka mai da katangu da matakalu da ƙarafan unguwa filin horonsu. Yawancinsu ƴaƴan baƙi ne, masu asali daga Biyetnam da Kwango da sauran wurare. A 1997 su tara suka raɗa wa ƙungiyarsu suna Yamakasi, daga harshen Lingala na Kwango, ma'ana mai ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya. Cikinsu akwai Sébastien Foucan da Yann Hnautra da Guylain N'Guba Boyeke.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na malami shi ne dokokinsu. Wanda ya yi wani tsalle sau ɗaya tak, ba a ƙirga masa shi, sai ya maimaita ya nuna ba sa'a ba ce. Sun shafe shekaru suna gudu da rarrafe da ƙananan tsalle-tsalle kafin duniya ta san da su. Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa, kuma su a zahiri da rarrafen suka fara.

Sai kyamara ta shigo. A 1997 talabijin ɗin Faransa ya nuna su. David Belle da Foucan suka bar ƙungiyar kowa ya kama gabansa, kuma a 1998 aka fara rubuta sunan da harafin k, bisa shawarar ɗan wasan fim Hubert Koundé. Fim mai suna Yamakasi ya fito a 2001, Banlieue 13 na David Belle a 2004, sannan a 2006 Foucan ya fito a farkon fim ɗin James Bond mai suna Casino Royale. Ɓangaren Foucan ya ƙara alkafura da salo iri-iri, abin da masu bin tsohon tsari ke ganin ado ne kawai. A 2017 Birtaniya ta amince da parkur a matsayin wasa a hukumance. Hukumar wasannin lanƙwasa jiki ta duniya ta jawo shi ƙarƙashinta duk da ƙorafin masu yin sa da yawa, waɗanda ke cewa ba don gasa aka ƙirƙire shi ba, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a 2022.

To a nan matsalar take. Bidiyon da ya iso salular ƴaƴanmu a TikTok ko WhatsApp daƙiƙa ashirin ne. Yana nuna tsallen ƙarshe, ba ya nuna shekara goma da aka yi a ƙasa kafin a hau sama, ba ya nuna waɗanda suka karye. Yaro ya ga ƙarshen labari ya ɗauka farkonsa ne. Ga shi kuma gine-ginenmu ba irin na Évry ba ne. Katangar laka da ta sha damina tana iya zubewa da mai hawanta, rufin kwano yana yanka, wayoyin lantarki na ratsa saman gidaje, tsofaffin rijiyoyi na nan a kangaye.

Bulala ba ta hana yaro tsalle, sai dai ta kore shi zuwa inda ido ba ya ganinsa. Don haka da izinin darakta na shigar da abin cikin darasin motsa jiki, a kan rairayin filin makaranta. Muna shata layi biyu a ƙasa, yaro ya tsallaka daga wannan ya tsaya cak a kan wancan. Muna koyon dira a kan gaban tafin ƙafa, ba diddige ba, gwiwa a lanƙwashe, kuma wanda aka ji ƙarar dirarsa ya sake. Muna koyon mirgina daga kafaɗa ɗaya zuwa ƙugun ɗaya gefen, kai a sunkuye, don kada wuya ko ƙashin baya su daki ƙasa. Dokarmu biyu ce: ba a hawan abin da ya wuce ƙugu, kuma wanda ya ce wa ɗan'uwansa "in ka isa ka yi" ya fita daga wasan ranar.

Ga iyaye kuma, in kun ga yaro na kallon irin wannan bidiyo, ku zauna ku kalla tare, ku tambaye shi shekara nawa yake tsammanin mutumin ya yi yana koyo. Ku ba shi labarin Hébert da Raymond Belle. Mun saba da wannan a kokowa: babu wanda ke ɗaukar takobi a shekarar da ya fara shiga fili.

Yaron nan an kwance masa hannu bayan mako shida. Da ya warke, shi na sa yake nuna wa ƴan aji uku yadda ake dira. Ranar da mahaifinsa ya zo karɓar sakamakon jarrabawa ya tsaya bakin fili yana kallo, sai ya ce da ni: "Malam, da haka aka fara, da ba mu je likita ba."