Dodon da Ba Shi da Fuska: 'Yan Kallo da Fim ɗin The Thing na 1982

A ranar 25 ga Yuni, 1982, kamfanin Universal ya saki fim ɗin The Thing a gidajen sinima na Amurka. John Carpenter ne ya ba da umarni, kuma aikin ya ci wajen dala miliyan 15. Abin da tikiti ya dawo da shi a ƙasar bai cika miliyan 20 ba, a makonsa na farko ma a na takwas ya tsaya. Masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Vincent Canby na jaridar New York Times ya jefa shi kwandon shara tun daga ranar farko. Roger Ebert ya yaba gwanintar ƙirar dodon, amma ya ce abu ne mai tayar da zuciya, mutanen cikinsa kuma ba a gina su ba. Carpenter har ya rasa aikin fim ɗin Firestarter da ya riga ya fara shiryawa. Yau kuwa da wuya a lissafa manyan finafinan ban tsoro ba a sa The Thing a sahun gaba ba.

Bayanin da aka saba bayarwa shi ne jama'ar 1982 ba su gane ba, na baya suka gane. Bayanin yana da daɗi, musamman gare mu da muka zo daga baya, tunda mu yake bai wa gaskiya. Ni dai ban gamsu da shi ba. A ganina abin da ya kori 'yan kallon farko yana nan daram a cikin masoyan fim ɗin na yau, riga kawai ya sake.

Labarin, wanda aka ɗauko daga wani gajeren ƙagaggen labari na John W. Campbell na 1938, bai da tsawo. Maza goma sha biyu ne a wani sansanin bincike na Amurka a Antatika, hunturu na shigowa. Sai ga jirgi mai saukar ungulu na 'yan Norwe yana bin wani kare ana harbinsa. Karen ya tsira, aka sa shi keji da sauran karnuka. Cikin dare fuskarsa ta tsage kamar an ɓare ayaba. Ashe wata halitta ce daga sararin sama da ta daɗe daskare cikin ƙanƙara, wadda ke haɗiye mai rai ta kwaikwayi kamanninsa da muryarsa har da halinsa. Daga nan ba wanda ya ƙara yarda da na kusa da shi.

Yawancin masu neman dalilin faɗuwar The Thing, fim ɗin E.T. suke ɗora wa laifi. Steven Spielberg ya sake shi ranar 11 ga Yuni, mako biyu kafin The Thing, da baƙon sama mai tausayi wanda yara ke ɓoyewa a ɗaki. Ga kuma matsin tattalin arziki, domin a ƙarshen shekarar rashin aikin yi a Amurka ya haura kashi 10 cikin ɗari, sai a ce mutane sanyin zuciya suke nema. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma bai isa ba. Poltergeist ya fito a watan Yunin nan, fim ne na ban tsoro, kuma ya yi kasuwa sosai. Jama'a ba tsoro suka ƙi ba, wani irin tsoro suka ƙi.

A nan ne nake ganin mai karatu Bahaushe ya fi mai sharhin New York kayan aiki, domin harshenmu ya raba abu biyu da Turanci ke yawan haɗawa. Akwai dodo, akwai maye. Dodon tatsuniya a waje yake, a daji ko a ruwa, an san kamanninsa, an san abin da yake so, kuma tatsuniyar ba ta ƙarewa sai an yi maganinsa ko an kuɓuce masa. Haka kifin Jaws na 1975 yake: ya addabi gari, aka tarwatsa shi, mutum biyu suka yi iyo zuwa gaɓa. Haka dodon Alien na 1979, wanda jarumar fim ɗin, Ripley, ta cillo daga kumbo. Ko fim ɗin farko da aka yi daga labarin Campbell a 1951 dodo ne tsayayye mai ƙafa biyu, aka haɗa kai aka kashe shi da lantarki. Maye kuwa a cikin gida yake. Kwano ɗaya ake ci da shi, fuskarsa ta maƙwabci ce, kuma ɓarnar zargin maita takan fi ta maitar da ake zargi, domin ita ke raba zumunci. An sayar wa jama'ar 1982 tikitin dodo, suka shiga suka tarar da maye.

Fitowar gwajin jini ta nuna haka ƙarara. MacReady, wanda Kurt Russell ya fito a matsayinsa, ya sa an ɗaure abokan aikinsa, aka tsaga yatsan kowa aka tari jini a ɗan faranti, ya gasa waya a wuta yana tsomawa ɗaya bayan ɗaya. Hujjarsa ita ce kowane ɗigo na halittar rai gare shi, zai gudu daga zafi. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake tara jama'a a ce wa wanda ake zargi ya tsallake majinyaci zai gane yanayin wannan ɗakin. MacReady yana ta yi wa ɗaya daga cikinsu, Garry, barazana, shi yake zargi, sai jinin wani, Palmer, ya yi tsalle yana ƙara. Palmer ɗin nan kuwa shi ne wanda, 'yan mintuna kafin nan, ya hango kan abokin aikinsu Norris ya tsinke daga jiki ya fitar da ƙafafu irin na gizo-gizo yana sulalewa, ya yi maganar mamaki da takan sa 'yan kallo dariya. Wanda ya nuna dodon da yatsa shi ma dodo ne. Fim ɗin da ya yi wa ɗan kallo haka ya hana shi ko da mutum ɗaya da zai jingina da shi.

Ƙorafin ƙazanta ma ba a banza aka yi shi ba. Rob Bottin, saurayi ɗan shekara 22, shi ya ƙera halittun da roba da injuna da ruwa mai yauƙi, ya yi aiki ba hutu har sai da aka kwantar da shi a asibiti. Lokacin da likita Copper ya ɗora na'urar farfaɗo da zuciya a ƙirjin Norris, ƙirjin ya buɗe da haƙora ya datse masa hannu biyu. A babban allo, cikin duhu, ba damar tsayarwa, wannan duka ne. Wanda ya fita yana tsaki bai yi wa jikinsa ƙarya ba.

Sai ƙarshen, inda maganar take. Sansani ya ƙone, saura MacReady da abokin aikinsa Childs zaune cikin ƙanƙara, kowa na kallon kowa, suna miƙa wa juna kwalba, suna jiran sanyi ya gama da su. Carpenter ya sha ba da labarin wata matashiya da ta tambaye shi, bayan wani nunin gwaji, wane ne dodon a cikin biyun. Da ya ce wannan ya rage ga tunaninta, sai ta ce abin da ta tsana ke nan. Masoyan fim ɗin na yau sukan kawo labarin don su nuna ƙarancin fahimtar mutanen da.

To amma me su suke yi? Fim ɗin ya farfaɗo ne ta kaset ɗin bidiyo da talbijin, daga baya faifai, wato a ɗaki, da fitila a kunne, da maɓallin tsayarwa a hannu. Wannan ɗan kallo ba dukansa ake yi ba, bincike yake yi. Daga nan hasashe ya yi ta fitowa. Wasu suka ce ba a ganin tururin numfashin Childs, don haka shi ne. Wasu suka ce fetur ne a kwalbar, da mutum ne da ya tofar. Da Dean Cundey, mai ɗaukar hoton fim ɗin, ya yi maganar wani ɗan haske da yake sa wa idon mutanen gaske a fitowar gwajin jini, sai aka koma ana leƙa idon Childs hoto bayan hoto. Shekara arba'in ana wannan aiki. Tambayar matashiyar nan ce dai, wane ne dodon, bambancin kawai ita ta yi ta sau ɗaya ta tafi gida, su kuma sun mai da ita sana'a. Ba jure rashin amsa suka koya ba. Sun sami hanyar mayar da maye dodo ne, su ba shi suna da fuska ko da a cikin kawunansu.

Ban ce soyayyar tasu ta ƙarya ce ba, kuma lokaci ya wanke wasu abubuwa da gaske. Kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin, wanda aka sa cikin jerin mafi muni na shekarar a kyaututtukan Razzie, wasu sassansa da ba a yi amfani da su ba sun shiga The Hateful Eight na Tarantino a 2015, fim ɗin da ya jawo wa Morricone Oscar. Haka kuma da aka fitar da wani The Thing a 2011, mai ba da labarin sansanin 'yan Norwe, babban kukan masoya shi ne an rufe halittun da aka ƙera da hannu da zanen kwamfuta. Yauƙin da aka yi wa tsaki a 1982 shi ake kewa a 2011. Sai dai wannan sauyin ɗanɗano ne game da kayan aiki, bai taɓa batun zargi ba.

Akwai 'yan kallo rukuni ɗaya da ra'ayinsu ya fi ba ni sha'awa. A tashar Amundsen-Scott da ke tsakiyar Antatika, idan jirgin ƙarshe ya tashi a watan Fabrairu, mutanen da za su yi hunturu a can sukan taru su kalli The Thing. Suna iya tsayar da faifan su leƙa idon Childs kamar kowa. Amma idan an kunna fitila, waɗanda ke zaune a gefensu su ne za su ci abinci da su har wata takwas, kuma ba jirgin da zai zo kafin nan.