Daga Sirdi Zuwa Kumbo: Yadda Kaboyi Ya Rasa Masoyansa a Talabijin

A kakar talabijin ta 1958 zuwa 1959, bakwai cikin shirye-shirye goma da Amurkawa suka fi kallo na kaboyi ne. Gunsmoke ke kan gaba, Wagon Train na biye, Have Gun – Will Travel na uku. Yaro ɗan shekara goma a lokacin, duk tashar da ya murɗo da daddare zai yi wuya bai ci karo da doki da ƙura da mai faffaɗar malafa ba. Kafin yaron nan ya cika talatin, duka an naɗe musu tabarma, shi kuma hankalinsa ya koma kan kumbo da baƙin halittu.

Zamanin da finafinan ke ba da labarinsa gajere ne. Korar shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas ta kankama ne a wajejen 1866, ba ta wuce shekara ashirin da wani abu ba. Makiyayan da yawa baƙaƙen fata ne da 'yan Meziko, aikin wahala suke yi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hollywood ta wanke su fes, ta mai da su farare, ta ba su aikin raba gaskiya da ƙarya da bakin bindiga. Masu ƙasar na asali, waɗanda 'yan kallo a nan ke kira Indiyawan daji, aka bar musu ihu a bayan tsauni da faɗowa daga kan doki.

Abin ya ratsa duniya. A Kano, inda aka buɗe silimar Rex a 1937, kaboyi ya yi tashe kafin finafinan Indiya su karɓe fage. A Nijar kuwa, Moustapha Alassane ya fitar da Le Retour d'un aventurier a 1966, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da tsarabar kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka bi gari suna tayar da hankalin jama'a. Alassane ya hango da wuri abin da kwaikwayon nan ke haifarwa in ya sauka a ƙauyen da ke da dattawa da dokokinsa.

A waccan shekara dai, ranar 8 ga Satumba, tashar NBC ta fara nuna Star Trek. Mai shirin, Gene Roddenberry, tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne kuma tsohon ɗan sandan Los Angeles, wanda ya goge a rubuta labaran Have Gun – Will Travel. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957, Yuri Gagarin kuma ya kewaya duniya a 1961, idon yara ya koma sama. Amma masu kuɗin talabijin kaboyi suka sani, don haka Roddenberry ya tallata musu shirinsa a matsayin Wagon Train da aka mayar cikin taurari. Bai yi musu ƙarya ba. Ayari ne da madugunsa, kowane mako a yada zango a sabon wuri, a gamu da baƙi, a warware rigima, a ɗaura kaya. Har DeForest Kelley, wanda ya fito a likita McCoy, ya shekara da shekaru yana fitowa a finafinan kaboyi, galibi a mugu.

Inda hanya ta rabu shi ne yadda ake kallon baƙo. A Maris 1967 aka nuna kashin da ake kira The Devil in the Dark, wanda Gene L. Coon ya rubuta. Masu haƙar ma'adinai a wata duniya sun nemi agaji saboda wata halitta mai narka dutse tana kashe musu mutane, har hamsin. Da a Gunsmoke ne ko wani ɗan'uwansa, an san ƙarshen zancen: jarumi ya bi sawu, ya harbe, gari ya huta. A nan ma da farauta aka fara, har aka ji wa halittar rauni. Sai Spock, ɗaya daga cikin jaruman shirin, ya haɗa tunaninsa da nata, gaskiya ta fito: dunƙule-dunƙulen da ma'aikatan ke fasawa a rami ƙwayayenta ne, ita kuwa uwa ce, ita kaɗai ta rage tana gadin zuriyarta. McCoy ya durƙusa ya liƙe mata raunin da wani abu mai kama da siminti, aka yi sulhu. A ganina, duk mai son sanin ranar da ɗanɗanon masu kallo ya fara juyawa, ya nemi wannan kashi. Masu haƙar nan su ne baƙin da suka shigo ƙasar wani, kuma shirin ya faɗi haka ƙarara, abin da kaboyin talabijin ya daɗe yana kauce wa.

Juyin bai zo dare ɗaya ba. Star Trek bai samu 'yan kallo yadda NBC ke so ba, aka dakatar da shi a 1969 bayan kashi 79, makonni kaɗan kafin Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Shirin kaboyi na Bonanza ya kai 1973, Gunsmoke kuwa sai 1975, bayan shekara ashirin da kashi 635. A maimaicin da ƙananan tashoshi ke yi da yamma Star Trek ya tara masoyansa, har suka yi babban taronsu a New York a Janairun 1972.

A tsakanin nan ƙasa ta zame wa kaboyi. Kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968 ya sa aka matsa wa tashoshi lamba kan harbe-harbe, abin da ya ci shirin kaboyi na The Wild Wild West a 1969. Masu talla suna neman matasan birni, kaboyi kuwa dattawa da mutanen karkara suka fi riƙe shi. Ga yaƙin Biyetnam: wanda ya ga hotunan kisan My Lai, da wuya ya sake tafa wa sojan doki in ya afka wa ƙauye. Finafinan Soldier Blue da Little Big Man, duka na 1970, sun nuna kisan kiyashin da aka yi wa 'yan asalin ƙasar ba tare da rufa-rufa ba. A 1973 Marlon Brando ya ƙi karɓar kyautar Oscar, ya tura Sacheen Littlefeather ta bayyana cewa wulaƙancin da finafinai ke yi wa 'yan asalin ƙasar ne dalili.

Kayan kaboyi dai ba su ɓace ba. Han Solo na Star Wars, a 1977, da bindiga rataye a cinya ya shiga mashaya. Lorne Greene, uban gida a Bonanza, shi ya ja ayarin kumbuna a Battlestar Galactica a 1978. Joss Whedon ya haɗe kaboyi da kumbo a fili cikin Firefly a 2002, har da shanu a cikin kumbo, amma tashar Fox ta tsayar da shi bayan ta nuna kashi 11 cikin 14. Ina son shirin, sai dai akwai abin da ke damuna a cikinsa: Reavers, mahaukatan da ke kai farmaki daga bakin iyaka, ba su magana, ba a tausaya musu, tsohon hoton nan ne aka dawo da shi. Sai da cinikin faifan DVD ya sa aka yi fim ɗin Serenity a 2005 kafin a bayyana asalinsu: mutane ne kamar kowa, gwamnati ce ta zuba wani sinadari a iskar duniyarsu don ta ladabtar da jama'a, miliyoyi suka mutu, ragowar suka haukace, ita kuma ta binne labarin.