Kalmomin adon tangaran daga Faransanci zuwa Ingilishi: hanyoyi biyu na tarihi

A wannan ƴar takarda muna son mu nuna cewa kalmomin sana'ar tangaran, abin da Bahaushe ke kira faɗi-ka-mutu, ta hanyoyi biyu suka shiga Ingilishi daga Faransanci, kuma mai fassarar da bai rarrabe su ba zai yi ɓarna ko da ƙamus na hannunsa.

Hanya ta farko ita ce ta attajirai masu tara kayan tarihi da dillalansu. A nan ba a fassara, aro ake yi. A 1862 Albert Jacquemart ya rarraba tangaran ɗin ƙasar Sin bisa launin da ya fi rinjaye, ya ce famille verte da famille rose. Ingilishi ya ɗauki sunayen yadda suke, har yau Bature ɗan Ingila da Faransanci yake kiran kayan Sin. Haka pâte-sur-pâte, wato zanen da ake tayarwa da ruwan yumɓu, shafe bisa shafe: Marc-Louis Solon ya bar Sèvres a 1870, lokacin yaƙi da Prusiya, ya koma kamfanin Minton a Ingila, sana'ar da sunanta suka tafi tare. Amma aro ma yana karkacewa. Launin hoda da aka fito da shi a Sèvres a 1757, rose Pompadour, dillalan Ingila sun daɗe suna ce masa rose du Barry, alhali Madame du Barry sai a 1769 aka gabatar da ita a fada.

Hanya ta biyu ta maginan tukwane ce, kuma a nan wahalar take, domin Ingila tana da nata kalmomin tun da daɗewa. Pâte tendre da pâte dure sun zama soft-paste da hard-paste ba gardama. Rufin ƙyalli shi ne matsala. Alexandre Brongniart, wanda ya shugabanci Sèvres daga 1800 zuwa 1847, a littafinsa na 1844 ya bambanta vernis, mai dalma wanda ake hangen yumɓu ta cikinsa, da émail, fari mai kuza wanda ke ɓoye yumɓun, da couverte, wanda ke narkewa da jikin tangaran a wuta mai tsanani. Ingilishi kalma ɗaya gare shi ga duka ukun, glaze. Abin da ya ƙara dagula lamarin, enamel a bakin maginin Ingila launi ne da ake zanawa bisa rufin bayan an gasa, a sake gasawa a ƙaramar wuta, wato petit feu. Wanda ya mai da émail ya zama enamel ya canza aikin gaba ɗaya, ko da yake kalmomin biyu tushensu ɗaya.

Faïence ma, daga sunan garin Faenza na Italiya, tarko ce. A Faransa yumɓu ne mai rufin kuza, abin da Ingila ke kira delftware. Faïence fine kuwa rufin dalma gare ta, kwaikwayon creamware na Wedgwood ce, saboda haka a ganinmu fine faience ba fassara ba ce, ɓatar da mai karatu ne. Sannan masu haƙar kayan tarihi suna ce wa duwatsun ado na tsohuwar Masar faience, su kuwa da garin dutsen kwarz aka yi su, kusan babu yumɓu a ciki.