Auna Tasirin Shafukan Sada Zumunta: Bayani ga Jami'ai da Ƙungiyoyin Yankin Bakolori

Ofisoshin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa a Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda aikin noman rani na madatsar ruwa ta Bakolori ya haɗa, suna buɗe shafuka a Facebook da WhatsApp domin isar da sanarwa ko tallata shinkafa da albasa da dankali. Abin da yawanci ba a yi shi ne komawa a duba ko saƙon ya kai ga waɗanda aka yi shi dominsu. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan kafofi sun tanadi kayan awo kyauta domin haka.

Mai kula da shafin Facebook zai sami alƙalumansa a sashen da ake kira Insights, ko a manhajar Meta Business Suite. A nan ake ganin adadin mutanen da saƙo ya isa gare su, da sau nawa aka kalle shi, da waɗanda suka yi sharhi ko suka tura wa wasu, da kuma shekaru da jinsi da garuruwan masu bin shafin. Ya kamata a bambanta biyun farko. Idan manomi ɗaya ya buɗe sanarwar sakin ruwa sau biyar, kallo biyar ne, amma mutum ɗaya aka isar wa. Haka nan Facebook ya daɗe yana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallon bidiyo, alhali a wannan lokaci mai jawabi bai ma gama sallama ba.

Yawan mabiya shi ne adadin da aka fi son sa wa cikin rahoto, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Shafin ƙaramar hukuma na iya tara dubban mabiya, amma idan aka duba garuruwansu a tarar galibinsu 'yan asalin yankin ne mazauna Gusau da Sakkwato da Abuja. Wannan ba laifi ba ne, domin sukan kira gida su ba da labari. Sai dai jami'in da ke sanar da ranar rigakafi ko rabon taki bai kamata ya ɗauka cewa ƙauyukan Bakura sun ji ba don kawai an yaba wa saƙon sau ɗari. Garin da manhaja ke nunawa ma ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba.

Awon WhatsApp ya fi wannan rauni, duk da cewa shi ne ya fi shiga karkara saboda saƙon murya, wanda ba ya buƙatar iya karatu. Mai saƙo na iya ganin waɗanda suka buɗe shi a cikin zaure, da waɗanda suka kalli abin da ya ɗora na sa'o'i 24. Da zarar an tura shi gaba, lissafi ya kuɓuce masa. Bugu da ƙari, waya ɗaya a majalisa tana iya jiyar da mutum goma, na'ura kuwa ɗaya za ta rubuta.

Wajibi ne a riƙa karanta alƙaluma tare da halin da ake ciki. A ranar 3 ga Satumba, 2021, bisa umarnin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, an katse layukan waya a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, kuma wajen Gusau ba a maido da su ba sai ƙarshen Nuwamba. Duk wanda zai kwatanta watannin nan da na wata shekara zai yi kuskure idan bai lura da wannan ba. Rashin wutar caji da hidimar girbi su ma suna rage alƙaluma ba tare da an yi sakaci ba.

Saboda haka ana shawartar kowane ofishi ko ƙungiya da ta fara tsayar da abin da take nema kafin ta ɗora saƙo: halartar taro ne, ko rajista, ko ciniki. Sannan a ajiye littafi, a rubuta rana da abin da aka ɗora da adadin da ya isa gare su bayan mako guda, a gefe kuma a rubuta mutum nawa suka zo ko suka bugo waya. A teburin rajista, ko a rumfa ranar kasuwar Talata, a tambayi wanda ya zo inda ya ji labari: waya, rediyo, masallaci ko sankira. Bayan wata uku littafin zai nuna hanyar da ta cancanci a kashe mata kuɗi. Lambobin wayar da aka tattara kuwa amana ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ba ta yarda a yi amfani da su a wata hidimar da ba don ita aka karɓa ba.