Labarin Ciwon Raunin Garkuwar Jiki

Sa'ad da aka buɗe asibitin Mishan a Galmi cikin 1950, likitoci ba su gane wannan ciwo sosai ba tukuna. Allah ya sa wa jikin mutum garkuwa cikin jininsa, watau ƙwayoyi farfaru masu yaƙi da cuta. Wani a kan haife shi da garkuwa rarrauna, wani kuwa daga baya ta ke lalacewa.

Cikin 1952 wani likitan soja a Amurka, sunansa Ogden Bruton, ya ba da labarin wani yaro mai shekara 8 wanda ciwo ke kayar da shi a kai a kai. Da ya auna jininsa sai ya tarar babu abin tsaron da ke cikin jinin sauran mutane. Ya shiga yi masa allurar abin nan kowane wata, daga jinin waɗansu, yaro kuwa ya sami sauƙi. Irin wannan ciwo gado ne, ta wurin uwa ya ke bi ya kama 'ya'ya maza. Akwai waɗansu iri kuma da su kan fi yawa inda a ke auren zumunci. A ƙasarmu matar da 'ya'yanta ke mutuwa a kan ce tana wabi, har a zargi mayu. Yawancin yaran nan zazzaɓi ne da ƙyanda da yunwa ke ɗauke su, amma yunwa da ƙyanda su ma suna karya garkuwar jiki.

Cikin 1968 Likita Robert Good a Minesota ya ɗebi ɓargon wata yarinya ya sa wa ƙanenta jariri, ya rayu. David Vetter na Tekzas bai sami wannan rabo ba. An haife shi cikin 1971, ya zauna cikin ɗakin roba shekara 12 domin kada cuta ta taɓa shi, ya rasu cikin 1984.

Sa'an nan babban gwaji ya zo. A watan Yuni 1981 aka ba da labarin mutum 5 a Los Anjelis waɗanda garkuwarsu ta rushe, su kuwa ba da haka aka haife su ba. Cikin 1983 masana a Faris suka gano ƙwayar cutar, cikin 1986 kuma aka sami iri na biyu a jinin mutanen Afirka ta Yamma. Hausawa suka raɗa mata suna ƙanjamau, gama ta kan ƙanjame mutum.

A nan ya kamata mu faɗi gaskiya. Mu da muka koyi wanke gyambon kutare, da yawa cikinmu muka guje wa masu ƙanjamau, muka ce sakamakon zunubi ne. To, jaririn da ya ɗauka wurin haihuwa fa, ko matar da ta ɗauka wurin mijinta, ko wanda aka ƙara wa jini? Ba a ɗaukarta ta wurin gaisuwa, ko cin tuwo a ƙwarya ɗaya, ko zama kusa cikin majami'a.

Magani na fari ya fito cikin 1987, amma shi kaɗai bai isa ba. Sai cikin 1996 aka koyi haɗa magani uku, mutane suka fara tashi daga tabarmar mutuwa. Maganin ba ya fid da ƙwayar daga jiki, danne ta ya ke yi muddin ana sha kullum. Mace mai ciki wadda ke shansa da aminci ta kan haifi ɗanta lafiya, ba tare da cutar ba.