Masanin Zamantakewa a Ɗakin Gwaji: Martani Kan Wani Ra'ayi

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama a tarukan kiwon lafiya, wai aikin masanin zamantakewa yana farawa ne bayan likita ya gama nasa: a miƙa masa sakamako, ya je ya wayar da kan jama'a. Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce, in aka bar shi ya shiga ɗakin gwaji yana bin diddigin yadda ake tabbatar da sakamako, an ba 'yan jita-jita makami. A ganina sun karanta tarihinmu a baibai.

Batun ƙaurace wa rigakafin shan inna a Kano a 2003 sananne ne (Jegede, 2007, Renne, 2010). Abin da ake tsallakewa shi ne, wanda ya ja gaban zargin da aka yi wa maganin rigakafin, Dakta Datti Ahmed, likita ne, kuma da harshen ɗakin gwaji aka yi gardamar. Kano ta sa an gwada maganin, gwamnatin tarayya ma ta sa an gwada, kowa ya rungumi nasa sakamakon. Da Kano ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, maganin da aka samo daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, shi ya kwance ƙullin. Ashe rigimar a kan gwajin wa za a amince da shi take, ga mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a 1996 ba. Makamin nan da ake tsoro, tun kafin wani masanin zamantakewa ya leƙa ɗakin gwaji yake hannun mutane.

Ba na cewa kowane bincike sai da shi. Hujjar ba ta kai nan ba. Ta kai dai ga cuta irin zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke sahun gaba a kansa tare da Ondo da Edo. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yana gwada jini ya tabbatar da cutar, amma jinin wanda ya iso kawai yake gani. Maganin ribavirin kuwa ya fi aiki a kwanakin farko, kwanakin da mara lafiya kan ƙarar a kemis ana ɗirka masa maganin maleriya da na taifot. Wa ya tsaya a kemis, wa ya juya don tsoron a killace shi ko a hana dangi yi masa sutura in ta Allah ta kasance, su ke tsara alƙaluman da likita zai dogara da su. Mai bin sawun waɗannan ya kamata ya zauna tun ranar da ake tsara takardar tambayar marasa lafiya.